Ranar da Na Nemi Igiya

Duk wanda ke riƙe da bindiga da takardarta a Tamanrasat ya san ni. In bai san Isufu ba, ya san Ƙi-faɗi. Ban yi lekkol ba, wato makarantar boko, ko ƙofarta ban leƙa ba, amma masu tabarau da manyan ma'aikata masu buro sun sha tsayawa a bayana, sun yi tsit, suna jiran abin da zai fito daga bakina. Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo Sarsuf, gidana ba ɓoyayye ba ne.

Sau uku mutuwa ta zo nemana ta koma hannu rabbana. Na fari a Damargu, shekarar da yunwa ta share ƙauyenmu. Ni na haƙa wa 'yan ɗakinmu rami, ni kuma na taso da ƙafata na yo arewa. Na biyu tsakanin Asamaka da In Gezzam, kamyo, babbar motar kaya, ya mutu mana a tsakar rairayi, muna da yawa a bisansa, kaɗan ne muka sake ganin bakin rijiya. Na uku kuwa bindigar toka ce ta fashe a hannuna ina saurayi, ta tafi da yatsu biyu na hagu. Na ɗaure hannun da tsumma, na ƙarasa farautar ranar. A tambayi kowa.

Na yi shekaru ina gadin garake a Hirafok, ina korar dila da ɓarayin tumatir. Maigidana, wani dattijon Buzu, Allah ya ji ƙansa, shi ya bar mini bindigarsa mai baki ɗaya. Takardarta da sunan ɗana take, Abdulfatah, don shi haifaffen nan ne, ɗan ƙasa. Auta nake ce masa. Maza huɗu muka haifa ni da Rakiyatu, shi kaɗai Allah ya bar mana.

Muna da filin harbi a wani kwari a kan hanyar Utul, dutse a bayansa yana tare harsashi, jandarma sun san da shi. 'Yan ƙungiyarmu ta harbi ba su da yawa: 'yan kasuwa, ma'aikata, direbobin masu yawon buɗe ido. Harsashin kanti ba kullum ake samu ba, saboda haka mutane kan tara kwanso, su ɗura da kansu, albarushi da dalma guda. To nan aikina yake. Tun da aka kafa filin, duk wanda ya yi sabon ɗuri, ba ya harba ko ɗaya sai ya kawo mini. Harbin farko nawa ne. In ɗora a kafaɗa, in danna, in saurara. Ɗurin da ya yi daidai yana da murya tasa, mai cika, ba ta tsaga. In na ji ta sai in ce, "Ya yi." In na ji ta yi kaifi kamar an mari kwano, sai in ce, "A warware," kuma a warware ɗin, ko mai shi alƙali ne.

A wasu wurare, na ji, ɗaure bindiga suke a jikin itace, su ja kunamarta da igiya daga nesa. Wani baƙo daga In Salah ya taɓa ba mu wannan shawara. Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Igiya ta guga ce da akuya." Maganar ta zama karin maganar fili. Ko yaro ya ji tsoron wani abu sai a ce a kawo masa igiya.

Ina kuma da ƙahona. Tsinin ƙahon akuya ne, ni na yanke shi da hannuna a Hirafok, na yi ta gogawa a dutse har ya zama cikinsa ɗaya a shafe shi ne albarushin harsashi ɗaya. Sikeli bai taɓa shiga gidana ba. Da Auta ya fara ɗuri, na sa masa ƙahon a tafin hannu na ce, "Wannan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kada ka ƙara, kada ka rage." Yaron kirki ne, abin da na ce shi yake yi.

Abin da 'yan fili ba su sani ba, Rakiyatu ta sani. Safiyar ranar da nake ba ku labari, ina tsakar gida ina naɗa rawani, sai na ji an dafa mini kafaɗa.

"Tsoho, tun ɗazu nake magana."

"Na ji ki. Tunani nake."

"To me na ce?"

"Kin ce shayi ya huce."

"Cewa na yi Auta ya iso, motarsa na ƙofa tana ta oda, har maƙwabta sun leƙo." Ta zagayo gabana don in ga bakinta. Haka take yi mini yanzu, ba ta taɓa cewa don me. "Yau sabon ɗuri zai kai maka?"

"Akwati guda. Gasar mutanen Idles ta matso, yau zai harbe rabi don hannu ya saba."

"Da wane kunnen za ka ji masa?"

"Mace, kunnen da ya ji motsin dila a garken Hirafok kike tambaya?"

"Wannan kunnen na san shi, ni na aure shi. Na yau nake tambaya, wanda ladan ke kira a bayan katangarsa sai na tashe shi." Ta gyara mini bakin rawanin. "Ɗa ɗaya gare ni. Abin da zan ce ke nan."

Na fita abina. Namiji ba ya amsa kowace magana.

Mun tarar da fili ya cika fiye da kullum, don ranar ce aka sa za a gwada na'urori. Ƙungiya ta yanke shawarar mallakar abin auna gudun harsashi, sai ga shi mutum biyu kowa ya kawo tasa, kowa na so a ɗauki irin tasa. Ɗaya ta Tijani ce, mutumin Agadas mai sayar da kayan mota a kasuwa, bakinsa ba ya hutawa. Ɗayar ta Salim ce, Balarabe ma'aikacin asibiti, mai magana a hankali, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana kai shi inda zai je.

Ta Tijani doguwa ce kamar akwatin burodi, a kan ƙafa uku, da idanu biyu masu kallon sama, ɗaya gaba ɗaya baya, da sanduna sirara sun yi mata ƙaho. Ana kafa ta gaban mai harbi, harsashi ya bi ta tsakanin sandunan. Wai idon farko ya ga inuwarsa, na biyu ya gani, sai ta faɗi gudunsa. Ta Salim kuwa 'yar ƙarama ce, ba ta kai tafin hannuna mai lafiya ba, ba ido ba sanda. A gefen mai harbi ake ajiye ta, wai wani abu take aikawa ya bi harsashin ya dawo mata da labari.

"Baba Isufu, zo ka ga kishiyar kunnenka," in ji Tijani. Yana da murya, shi kam ina jin sa. "Wannan gani take da ido. Ta Salim kuwa duba take yi, kamar boka."

"Taka in rana ta yi yawa hawaye take," in ji Salim. "Ammi Isufu, ina kwana? Ya jiki?"

"Jikina ya binne waɗanda suka fi ka ƙarfi. Ku kafa kayan wasanku mu gani."

Suka jera su a layi ɗaya don harsashi guda ya bi ta gaban duka biyun. Aka fara da harsashin kanti, da sanyin safiya. Ni ba na karanta lamba, amma ina karanta fuska. Wani ya harba, Tijani ya duƙa ya duba tasa, Salim ya duba tasa, suka faɗi abin da suka gani: ɗari huɗu da kaɗan, ɗari huɗu da kaɗan, wai mita ke nan a daƙiƙa ɗaya. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Aka yi ta yi, kowa na son ya ji gudun bindigarsa, ana shayi a inuwar mota, ana gardamar wadda ta fi sauƙin ɗauka da wadda ta fi cin batir. Kafin a zo kan ɗurin Auta rana ta hau tsakiyar kai, duwatsu sun fara walƙiya.

Auta ya buɗe akwatinsa. Ɗuri mai kyau, kowane baki a naɗe tsaf, kamar daga kanti. Ya ɗauki ɗaya, ya karya bindigar, ya sa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Bismillah, Baba."

Na tsaya inda na saba tsayawa. Na yi bismillah, na ɗora, na danna.

Zan faɗa muku abin da na ji, don ni ba na ɓoye abu. Na ji kamar an rufe ƙofa a gidan maƙwabta. Shi ke nan. Ba cika, ba kaifi, ba murya. Kafaɗa kuwa ba ta taimake ni ba. Tun da ta tsufa, kowane harbi shurin jaki ne a wurinta, mai nauyi da marar nauyi.

"Ɗari uku da casa'in da biyar!" in ji Tijani. "Lafiya lau. Ɗurin malamai."

Salim ya duƙa wurin tasa. Ya ɗaga 'yar na'urarsa, ya kare ta da hannu daga rana, ya sake dubawa.

"Ɗari huɗu da tamanin."

Na ce, "Me?"

Ya maimaita. Wannan karon na ga bakinsa sosai.

"Bokanka ya sha rana," in ji Tijani. "Dalma guda a wannan tsohuwar bindiga ta yi ɗari huɗu da tamanin? Jirgin sama ce?"

"Shi ya sa ban ji daɗi ba. In gaskiya ta faɗa, ɗurin ya yi nauyi ƙwarai."

"In gaskiya ta faɗa! Tun safe tare suke tafiya, yanzu don ta ga ɗurin gida sai ta yi girman kai? Kayan Turai ke nan, ba sa son abin talaka."

Aka ce a sake. Na karya bindigar, kwanson ya ɗan yi gardama kafin ya fito, amma tsohuwa ce, takan yi haka in ta yi zafi. Na sa na biyu na harba. Ƙofar maƙwabta ta sake rufuwa. Ta Tijani ta faɗi kusan abin da ta faɗa da fari. Ta Salim ma ta tsaya a kan bakanta, har da ɗan ƙari.

Nan fili ya rabu biyu. Wasu suka ce mai ido ita ce shaida, don ta gani. Wasu suka ce rana ta yi mata yawa, hasken da ke tashi daga dutse da hayaƙin bakin bindiga na ruɗa ta. Tijani ya rantse da kabarin kakansa. Salim ya ce shi ba ya rantsuwa a kan batir. Yawancinsu dai ta Tijani suke so ta yi gaskiya, na gani a idonsu, don Auta ne gwaninmu, kuma in aka warware akwatin nan ba shi da abin zuwa gasa.

Ina tsaye a gefe sai na ce wa Auta, "Wane albarushi ka sa?"

"Sabo ne, Baba. Irin namu na da ya ƙare a gari." Ya ciro ɗan gwangwani daga jaka ya zuba kaɗan a tafina. Laushi gare shi kamar garin shayi na ƙasan kwali. Namu na da ƙwayarsa manya ce, kamar gero.

Salim ya matso. "Abdulfatah, ka auna shi a sikeli?"

"Da ƙahon Baba na auna. Ɗaya a shafe, ban ƙara ba, ban rage ba."

"Ammi, ka yi haƙuri," in ji Salim, ya sunkuyar da kai kamar mai gaisuwar mutuwa. "Mudun gero da mudun gari ba nauyinsu ɗaya ba. Mai laushi ya fi zama a ƙaho. Wataƙila ma ya fi wancan ƙarfi tun asali. Ban ce na sani ba."

Jinina ya hau. Ƙahon da ya ciyar da ni, ya tsare garaken Hirafok, yau ɗan asibiti ne zai yi masa gyara? Na ce, "Ƙahon nan ya girme ka."

"Ya girme ni, Ammi."

"To a bar gardama!" in ji Tijani, ya ɗaga hannu sama. "Muna da alƙali a nan tun kafin a ƙera waɗannan. Baba Isufu, kai ka harba, kai ka ji. Kunne ya raba mu. Ya yi ko bai yi ba?"

Kowa ya juyo. Na saba da wannan juyowar, ita ce abincina shekara da shekaru. Kalma biyu ce kawai. In na ce ya yi, ƙahona ya fita kunya, kunnena ya kayar da na'urar Turai a gaban jama'a, a yi ta ba da labarin har In Salah. Kuma wa ya sani, wataƙila ya yi ɗin. Na'ura ɗaya tana bayana.

Auta ya riga ya karɓi bindigar daga hannuna. Ya sa na uku a ciki, bai rufe ba, yana jira. Ba na'urar Tijani yake kallo ba, ba ta Salim ba. Bakina yake kallo, kamar yadda yake kallonsa tun yana rarrafe. Hannunsa na hagu yana riƙe da ƙarfen daga ƙasa, gaba kaɗan da inda ake karya ta. Daidai inda nawa yake ranar da ta toka ta fashe. Na ƙirga yatsunsa, ban san dalili ba. Biyar.

Ni na harba biyu na tsira, amma ni tsira sana'ata ce. Shi rabin akwati zai harba, ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe na ƙara zafi.

Na ce, "A kawo mini igiya."

Ba wanda ya motsa. Sai Tijani ya fashe da dariya, yana zaton wasa nake.

"Igiya ta guga ce da akuya, Baba!"

"To yau ga akuya a gabanka, mai gemu. Kawo igiya."

"Baba," in ji Auta a hankali, sai da na matsa na ga bakinsa, "in bai yi ba ka ce a warware mana."

"Ba zan ce bai yi ba. Ba zan ce ya yi ba." Na ɗaga murya don na bayan mota ma su ji, tun da abin da zan faɗa ba na faɗa sau biyu ba ne. "Ku saurara. Kunnen nan ya yi muku aiki tun wasunku ba su da gemu, bai taɓa karɓar ladan kowa ba, bai taɓa sa an rasa ko farce a filin nan ba. Yanzu ya kwanta. Harbi biyun nan ban ji su ba. Abin da ban ji ba kuwa, ko duniya za ta taru, ba zan ce ya yi ba. Na'urorinku sun kasa shiryawa. To bindigar da kanta za ta faɗa, amma ba a hannun ɗana ba."

Tijani ya daina dariya. Ya tafi motarsa ya kwance igiyar da ke rataye da salkar ruwa a gefenta, ya kawo, bai dube ni ba.

Muka mirgino tsohuwar tayar kamyo da ake zama a kai. Na kwantar da bindigar a bisanta, bakinta na kallon dutse ta tsakanin sandunan Tijani, na ɗaure ta gaba da baya, aka danne tayar da duwatsu. Ban taɓa yin wannan ɗauri ba, amma wanda ya ɗaure kaya a bisa kamyon Asamaka ba a koya masa ƙulli. Ragowar igiyar na zarga a kunama. Sai ta kasa. Ba ta kai bayan dutsen da za mu fake ba, ko kusa.

Na kama bakin rawanina na fara warwarewa.

Tun da na shigo ƙasar nan ba wanda ya taɓa ganin tsakar kaina a waje. Salim ya kau da ido. Wani ya miƙo nasa rawanin, na ture hannunsa. Na ƙulla nawa a igiyar, na ja shi har bayan dutse, rana na dukan furfurata. Na ce kowa ya koma baya, har masu na'ura.

Na ja. Ƙura ta tashi, tayar ta yi tsalle kaɗan. Aka leƙa, bindiga lafiya. Ni na je na sa wani da hannuna, ban bar Auta ya matsa ba. Na ja. Lafiya. Na sake. Lafiya.

Na fara ganin fuskoki na sakewa. Wani ya yi wa na kusa da shi raɗa, suka yi murmushi. Tijani ya leƙo daga bayan mota ya ce, "Tawa dai har yanzu maganarta ɗaya ce, Baba. Kada ka ƙarar wa yaro da akwati a kan taya." Auta ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi, ban sani ba ko tawa yake ji ko tasa. Na ce a raina, Isufu, ka tuɓe rawani, ka sayar da kunnenka a bainar jama'a, a banza. Amma Ƙi-faɗi ake ce mini. Rabin akwati ya ce zai harba, rabin akwati taya za ta harba. Na ci gaba da tafiya ina dawowa, kai ba rawani, ƙarfen na ƙona mini yatsu uku.

Ban riƙe ko harbi na nawa ne ba. Na dai ja, sai na ji.

Wannan kam na ji shi. Na san muryar, sau ɗaya na taɓa jin ta, ina saurayi, kuma ba a manta ta. Wani abu ya wuce bisa dutsen da muke fake yana kuka. Hayaƙi ya tsaya a kan tayar bai tashi da wuri ba.

Ba wanda ya duba na'ura. Muka taka a hankali. Ƙarfen ya tsage ta ƙasa, tsawon ɗan yatsa da rabi, ya buɗe kamar bakin kifi, itacen da ke rufe da wurin ya zama tsinke-tsinke. Gaba kaɗan da inda ake karya ta.

Auta ya durƙusa ya kwance igiyar. Da ya zo ɗaga ta, hannunsa na hagu ya tafi wurin da ya saba zuwa, sai ya sauka a kan tsagar. Ya janye shi da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ya dubi tafinsa. Ya dubi nawa. Tijani ne ya zauna a ƙasa, ya dafe kai, yana ta innalillahi. Salim ya kwance rawanina daga igiyar, ya kakkaɓe shi, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na naɗa abina a tsaye, ban yi gaggawa ba. Sannan na miƙa wa Auta hannu na ce, "Ƙahon." Ya ciro shi daga aljihu ya ba ni.

Bindigar dattijon Hirafok ke nan ta tafi. Ta tsare garake, ta ci gasa, ta kwana a gefena shekarun da ba ni da kowa a ƙasar nan. An kai gawarta wurin jandarma aka soke takardar. Auta bai je gasa ba a shekarar. Na'urorin kuwa, an sake gwada su wata safiya, aka yi wa ta Tijani rumfa, aka matsar da ita nesa da bakin bindiga, sai ga su suna tafiya tare kamar 'yan uwa. Tijani ya ce ai dama rana ce ta cuce shi. Ƙungiya ta ɗauki irin ta Salim, ta kuma sayi sikeli. Yanzu duk sabon ɗuri a taya ake fara shi, da igiya doguwa da aka saya musamman, ba mai dariya. Ba a kawo mini harbin farko. Ina zuwa dai in zauna a inuwar mota, masu wucewa su duƙa su gaishe ni da ƙarfi.

Ranar da abin ya faru, da muka koma Sarsuf, Rakiyatu na bakin ƙofa. Ta dubi Auta ya fito daga mota ba bindiga. Ta dubi hannuwansa. Ta dubi rawanina, ta ga naɗin ba irin na safe ba ne. Na sa mata ƙahon a hannu na ce ta wanke shi da kyau ta ga abin da zai yi mata.

Mutane suna cewa Ƙi-faɗi sau uku ya tsere wa mutuwa. Ni huɗu nake ƙirgawa, kuma na huɗun ya fi sauran wuya. Yunwa da ƙishirwa da wuta jiki kawai suka nema, jiki kuwa ina da shi. A nuna mini wani a Tamanrasat, mai lekkol ko marar lekkol, da zai tsaya gaban mutanen da suka ɗauke shi alƙali ya tuɓe rawaninsa da hannunsa.

Ƙahon yana cikin gwangwanin shayi yanzu. Biyu a shafe, in ji Rakiyatu, su ne daidai butarmu. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Auta kan zo ya dafa mana. Ina zaune ina kallon yadda yake ɗaga buta sama da dama, hagu na riƙe da ɗan kofi a ƙasa, yatsu biyar a zagaye da shi, kumfa na tashi. Ya miƙo mini na farko, don har yanzu na farko nawa ne. Uwarsa ta faɗi wata magana daga bakin madafa, suka yi dariya su biyu, ban ji ba. Na kurɓa, na bar shi ya zauna a harshe, shi kuwa yana kallon bakina.

Na ce, "Ya yi."